Alamomin da Imre Ya Bari a Na'ura

Ruwan sama ne ya jawo. In ba shi ba, ba abin da zai kai ni filin nan da almuru.

A garinmu Coober Pedy, garin masu haƙar dutse a tsakiyar hamada, sai a shekara ba a ga ɗigo ba, amma ran da ya tashi zuwa, da hauka yake zuwa. Ya kwana yana zuba, ya yanke babbar hanyar da ke kaiwa ramin Lefteris. Lefteris mijin ƙawata Matula ne. Ya haura saba'in, amma har yau yana shiga ƙasa neman ofal, dutsen ado mai tsada, kamar wanda aka yi wa baki. Da la'asar sakaliya ya hau tudun da waya ke kamawa, ya kira matarsa ya ce man motarsa ya ƙare.

Matula ba ta tuƙi. Sai ga ta a ƙofar gidana da kwando a hannu, yana ta ƙamshin tafarnuwa da gasasshen rago.

"Zorka, tashi ki kai ni."

Na ce, "Ya kwana can mana. Ramin ai ya fi ki daɗin zama, ba ya surutu."

"Ke dai tsohuwar nan ba ki da imani. Tari yake yi, ƙirjinsa kamar tsohon janareta. Sanyin daren nan zai ƙarasa shi."

"Da kin huta."

"Tashi, uwar baƙin hali, kafin in tsine miki."

Na ɗora jarkar dizal a bayan akori-kurata, muka fita.

A garinmu akwai abin da kowa ya sani. Ƙasar nan duk rijiyoyin haƙa ce, busassu, baki buɗe, wata zurfinta ya fi dogon bene. Masu su sun tafi ko sun mutu, ba wanda ya rufe. Shi ya sa ba ma tafiya da baya a fili, ko taku ɗaya. Da na'urar nuna hanya ta shigo, muka samo mata aikin da masu ƙera ta ba su yi tunani ba. Duk wanda ya ga rijiya sai ya tsaya a bakinta ya ajiye alama, jan ɗigo. Inda hanya ke da kyau kuma ya sa kore. Sai a haɗu a kulob ran Asabar a yi musayar memori, kowa ya kwafi na kowa. In ka doso jan ɗigo, na'urar ta yi maka ƙara tun kana nesa.

Ba wanda ya koya mini. Na zauna gaban kwamfuta ina zaginta har ta bi. Tawa na'urar Gwaggo nake ce mata, saboda muryar mace ce da ita, kuma ba ta san roƙo ba sai umarni.

Muna da doka guda. Ka yi ƙarya a kan inda ka samu dutse, wannan halak ne, kowa na yi. Amma ba a ƙarya a kan rijiya.

Imre kaɗai ne bai taɓa ba kowa alamominsa ba. Mutumin Hungary ne, maƙwabcina, fuska kullum a murtuke, sai lofe a baki. Ba wanda ya san tsofaffin filaye kamarsa. Da ya mutu a kan kujerarsa, 'yar ɗan'uwansa ta zo daga Adelaide ta kwashe kaya, ta bar mini kwalin tarkace don na riƙe masa kare. A cikin kwalin na tsinci na'urarsa. Na zare memorin na sa a kwamfuta. Sai ga ɗigo kamar an watsa gero, ja da kore, har a wuraren da taswirar kowa fayau take. Na juye su duka cikin Gwaggo, ina jin kaina kamar wadda ta ci gado.

Da muka iso inda ruwa ya yanke hanya, na tsaya na danna jerin wuraren da na ajiye. Na nemo na Imre. Ga koren ɗigo a jere, sun ratsa tsohon filinsa, sun ɓulla dab da ramin Lefteris.

Matula ta leƙo. "Ta filin Imre? Ko kare ba ya bi ta nan."

"Don ba shi da taswira. Zagayen kuma sai dare ya raba ba mu kai ba. Zaɓi."

Ta ja ɗankwalinta ta ɗaure tamau. "Mu je. In na mutu ke za ki wanke wa Lefteris wanduna."

Rana ta kusa faɗuwa. Tulin farar ƙasar da aka haƙo sun yi jajir, ko'ina ka duba su ne, dama da hagu, kamar garin gara. Laka tana kama taya tana saki. Iska tana kawo warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wari mai sanyi irin na cikin rami. Da fari komai daidai. Jan ɗigo ya taso a hagu, Gwaggo ta yi ƙit-ƙit, na duba, ga rijiyar nan kuwa baki buɗe. Wani ya taso a dama, shi ma haka. Na ce a raina, tsohon nan mugu ne amma aikinsa tsaf.

"A ci gaba," in ji Gwaggo.

Muka ci gaba. Hanya tana ƙara matsewa. Tulin ƙasa suna ƙara tsayi har suka tare sauran hasken. Na kunna fitilu.

Matula tana ba ni labarin surukarta, sai ta yi shiru a tsakiyar magana.

"Zorka, kin fara shan lofe ne?"

Na riga ta ji. Warin taba mai zaƙi, irin wadda Imre yake yankawa da wuƙa. Gilasai a rufe suke.

Na ce, "Kwalinsa ne na taɓa ɗauka a motar nan."

Ban taɓa ɗaukar kwalinsa a mota ba. Da hannu na kai shi gida.

Muka haura wani koren ɗigo. Sai na ji ƙasan mota ya yi wani irin amo, kamar an taka ganga. Kafin in yi magana, a bayanmu wani kwanon rufi da muka taka ya yi ƙara, ya goce, ya tafi. Na kasa kunne in ji saukarsa.

Ban ji ba.

"A ci gaba," in ji Gwaggo.

Allah ya sa ƙafata ta fi kunnena hankali. Na taka birki. Motar ta ɗan zame a laka, ta tsaya. Fitila ta haska ƙasa taku biyu a gabanmu, daga nan sai baƙi. Rijiya ce, babba, ruwa ya zabtare bakinta ta ƙara faɗi.

Na dubi na'ura. Koren ɗigo yana zaune daram a tsakiyar ramin.

A nan maganar ta faɗo mini. Shekarun baya, Imre yana kwance asibiti, ɓarayin rami suka fasa motarsa suka sace na'urarsa ta farko. Suka bi alamominsa har inda yake samun dutse, suka kwashe aikin rayuwarsa. Ran da ya fito na ji shi a bakin shinge yana magana da karensa. Ya ce wanda ya sake ɗaukar masa na'ura, zai bi hanyarsa har ƙarshe.

Na ɗauka ɓacin rai ne. Ashe zama ya yi ya gina hanya. Alamomin farko duk gaskiya, don ka saki jiki.

"Mene ne?" Matula ta tambaya da raɗa.

"Tarko ne. Kada ki buɗe ƙofa."

Ta riga ta buɗe. Ta sa ƙafa ɗaya waje, ƙafar ba ta samu komai ba. Na cafko rigarta na finciko ta. Ƙofar ta tsaya a buɗe a kan fanko, sanyi yana tasowa daga ƙasa yana shigo mana.

Matula ta jawo ƙofar a hankali, ta yi alamar gicciye.

Ƙit.

Jan ɗigo ya fito a allon, a hagunmu, inda babu komai ɗazu.

Ƙit.

Wani a gaba, ya hau kan koren.

Ƙit. Ƙit.

Ba ni na sa su ba. Hannuwana duka biyu suna kan sitiyari. Alama ba ta shiga na'ura sai mutum ya tsaya a wurin ya danna. Ina kallo suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna zagaye mu, kamar wani yana takawa a waje yana ajiyewa.

Baya kaɗai aka bari. Can sai ga sabon ɗigo, kore shar.

"Zorka, yi ribas. Ga shi ta nuna miki."

"Kin ji kwanon da ya faɗi ɗazu?"

"Na ji."

"Rufin rijiya ne. Tayoyinmu gefe da gefe suka bi, ta wuce ta ƙarƙashinmu. Yanzu a buɗe take."

Na duba waya. Babu ko sanda ɗaya. Na kashe inji don in ji da kyau, na bar fitilu.

Shiru. Sai ɗigar ruwa can ƙasa. Sai ƙarfen inji yana hucewa, tak, tak.

Daga nan wani sauti ya shigo. Daga ƙarƙashinmu yake. Diga ce tana saran dutse, a hankali, da hutawa tsakani, irin saran tsoho.

Wata ta amsa daga rijiyar hagu.

"A koma da baya," in ji Gwaggo.

Shekarun da na yi da ita, ta ce in juya, ta ce in yi kwana, ta ce na ɓace. Ba ta taɓa cewa in koma da baya ba. Ba a sa mata maganar ba.

Na fizge wayar wutarta. Allon bai mutu ba. Na danna maɓallin kashewa har yatsana ya yi zafi.

"A koma da baya."

Muryar ta yi kauri, ta yi nauyi, kamar an cika mata baki da ƙasa.

Matula ta damƙi cinyata. "Madubi," ta ce. "Kada ki duba. A'a, duba."

Na duba.

Jan hasken fitilar baya ya kama mutum a tsaye. Hular kwano a kansa, fitilarta a mace. Farar ƙura ta rufe shi tun daga sama har ƙasa, ban ga fuska ba. Ya ɗaga hannu ɗaya yana yafito ni, yadda maza ke yi in suna taya ka yin ribas a wuri matsattse. Taho. Taho. Saura kaɗan.

Inda yake tsaye babu ƙasa.

Sai na ji hannuna na hagu a kan giya. Ban san lokacin da ya je ba. Ya riga ya tura ta ribas, ɗayan kuma yana kan makulli.

Na gartsa wa leɓena cizo har na ji gishirin jini. Na mayar da giya ta ɗaya, na ja birkin hannu iya ƙarfina, na zare makulli na jefa cikin rigata.

"Fita za mu yi."

"Ina? Ta ina?"

Na sauke gilashina na haska da tocila. A gefena akwai ƙasa, faɗinta bai wuce tabarma a naɗe ba. Ta bi ta gaban taya, ta ratsa tsakanin rijiyar gaba da ta dama, ta tafi wajen wani tuli. Mota ba za ta bi ba. Mutum ma sai da rarrafe.

"Ki tsallako ta kujerata. Ki bar kwandon."

"Abincin Lefteris..."

"Matula, wallahi zan mare ki."

Na jawo rodin da nake ajiyewa bayan kujera. Na buɗe ƙofa, na sauka a kan gwiwoyina. Laka ta yi sanyi kamar gawa. Matula ta biyo ni tana nishi, tana kiran Maryamu da harshen ƙasarsu.

"Riƙe gefen siket ɗina. Duk abin da kika ji, gaba. Kin ji ko? Gaba kawai."

Na caka rodi. Ƙasa. Na matsa.

Na caka. Ƙasa. Na matsa.

Na caka, rodi ya wuce babu abin da ya tare shi. Na janye, na karkata dama kaɗan.

A bayanmu Gwaggo tana ta ƙit-ƙit a cikin mota, sauri yana ƙaruwa, har ya zama ƙara ɗaya doguwa. Saran diga ya tsaya.

Sai taku. Takalmi mai nauyi a cikin laka, caɓ, caɓ. Ba ya sauri.

Warin lofe ya sauko mini a ƙeya.

Tocila tana bakina, haƙorana suna karo da ita. Gwiwoyina sun fashe. Numfashin rijiyoyi yana taɓa mini kumatu ta dama da hagu.

Can gaba, nesa, aka danna hon. Aka sake dannawa. Na san kukan, irin na jaki mai mura. Motar Lefteris ce.

Na tofar da tocila a hannu. "Kin ji mijinki? Gaba yake."

A daidai nan aka yi magana a bayanmu, dab da kunne.

"Matula. Matulata. Ga ni nan. Matso baya kaɗan."

Muryar Lefteris ce. Har da tarin.

Na ji hannunta ya saki siket ɗina.

"Kar ki..."

Gwiwa ɗaya kawai ta mayar baya. Ƙasa ta ce ruf. Na juya da ƙirji na kamo wuyan hannunta, na soka rodi a laka da ɗaya hannun. Rabin jikinta ya tafi. Idonta yana cikin nawa, bakinta a buɗe, ba sauti.

Matula ba ta da nauyi, duk garin an sani, iska ma tana iya ɗaukarta. Abin da nake riƙe da shi ya kai nauyin mutum biyu.

"Ya riƙe mini ƙafa," ta ce. Da ƙyar na ji.

Kafaɗata ta yi ƙas. Rodi ya fara lanƙwasa yana tahowa.

Ban yi addu'a ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Zagi na yi. Na leƙa cikin baƙin nan na ce, "Imre, tsohon banza! Ni ce Zorka! Ni na ciyar da karenka har ya mutu! Ba sata na yi ba, ba ni aka yi! Sake ta!"

Shiru.

Jan da ake yi mata bai ƙaru ba, bai ragu ba. Kamar ana shawara.

"Shure takalmin," na ce mata. "Shure!"

Ta shura. Wani abu ya zame. Nauyin ya tafi gaba ɗaya, muka faɗi tare a kan laka.

Ba mu tsaya ba. Ni a gaba, ita a baya, rodi, ƙasa, matsa. Hon yana ta kuka, muna binsa. Ban waiwaya ba. Takun ya raka mu har gindin tulin ƙarshe, sannan na daina jinsa.

Lefteris yana tsaye a bakin fili, bai shigo ba, don shi ma ɗan gari ne. Wani maƙwabcin rami ya sam masa mai, ya kama hanyar zagaye, ya hango fitilun mota a inda mota ba ta da dalilin zama. Da ya gan mu mun fito da rarrafe kamar kadangaru, ya buɗe baki zai yi tsiya. Ya haska ƙafar matarsa, ya rufe bakin.

Washegari na goge alamomin Imre daga kwamfuta, na sa guduma na niƙe memorinsa. Ran Asabar na tashi a kulob na faɗa wa kowa abin da ke cikin filin nan, ban rage ba. Wasu suka yi dariya. Amma daga ranar aka daina karɓar alamar da mai ita ba ya raye ya tsaya a kanta.

Kafaɗata ba ta koma daidai ba, ba na iya ɗaga hannun sama da kai. Matula kuwa ƙafar hagunta ba ta ƙara ɗumi ba. Ko a tsakiyar zafi safa biyu take sa mata. Akwai wani shati da ya rage a idon sawun, likita ya ce jijiya ce. Ta ce masa ita ba ta taɓa ganin jijiya mai yatsu ba.

Motata ba wanda ya yarda ya je ɗaukowa, ni ma ban roƙi kowa ba. Daga kan babbar hanya ana hango ta tsakanin tuli biyu. Na bar ta a giya ta ɗaya, birkin hannu a ja, makullin yana gidana. Amma duk wanda ya wuce sai ya zo ya ce mini, "Zorka, kamar fa motarki ta matsa."

Na ɗauki tabarau mai jawo nesa na je da kaina. Ta matsa. Baya.

Bayan wata biyu na koma. Ta ƙara.

Zuwana na ƙarshe, hancinta kaɗai na gani a bakin rijiyar bayanta, yana kallon sama.